Kafin Kafso Ya Iso Kyamis: Yadda Ake Tsare Ingancin Bitamin da Kayan Ƙarin Lafiya a Masana'anta

Tsakanin watan Yuni da Satumba na 1990, yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan ƙodarsu ta daina aiki. Da aka bi diddigi, sai aka tarar ruwan farasitamol da aka ba su ne sila, kuma laifin yana ga ruwan da aka narkar da maganin a ciki. A maimakon furofilin gilaikol da aka saba, abin da ya shiga tukunyar haɗi shi ne dayetilin gilaikol, sinadarin masana'antu irin wanda ke shiga man birki. Dukansu biyu garau suke, da ɗan kauri da ɗan zaƙi, ido da harshe ba sa rarrabe su. A 2008 irin wannan ta sake aukuwa da maganin haƙoran jarirai na My Pikin, yara sama da 80 suka mutu a ƙasar nan. A 2022 kuma Gambiya ta binne yara kimanin 70 saboda maganin tari mai ɗauke da wannan guba.

Waɗannan duk magunguna ne. To amma ruwan bitamin na yara, da maganin ƙarin jini na kwalba, da na buɗe ciki don cin abinci, da irin waɗannan ruwaye ake haɗa su: gilisarin, furofilin gilaikol, sobitol. Bambancin kawai shi ne mai saye yana sakin jiki da su, yana cewa ai ba magani ba ne, ƙarin abinci ne. Magani ana shansa kwana biyar a daina. Bitamin da garin zogale da man habbatus sauda kuwa mutum zai yi wata shida yana ɗirka kullum, sau da yawa mace mai ciki ce ko tsoho mai ciwon suga. Ɗan ƙazantar da jiki zai jure na mako guda, a wata shida taruwa take yi.

Abin da ya sa wannan sana'a take da wuyar sha'ani shi ne gwaji yana cinye abin da aka gwada. Kafson da aka narkar a ɗakin gwaje-gwaje ya tafi ke nan, wanda kuma aka sayar ba a gwada shi ba. Zubi ɗaya, wato abin da aka haɗa a tukunya lokaci guda, na iya kai ƙwaya 100,000, amma ƴan gomomi kawai ake gwadawa. Saboda haka sakamakon gwajin ƙarshe ba shi da daraja sai idan an tabbatar cewa duk ƙwayoyin zubin hanya ɗaya suka bi. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa, kuma a nan ginin yana farawa ne daga ƙofar sito.

Ƙofar shigowar kaya

A masana'antar da ta san aikinta, duk buhu ko duro da aka sauke ba ya wucewa ɗakin haɗi kai tsaye. Ana killace shi a gefe da takarda mai ruwan ɗorawa, a ba shi lambarsa ta cikin gida, a rubuta daga wa ya zo da ranar da ya zo. Sai sashen kula da inganci ya ɗebi samfuri ya gwada, sannan a manna masa koriyar takarda idan ya tsallake, ko ja idan ya faɗi, a kulle shi inda ba za a ɗauka bisa kuskure ba. Mai wannan sashe bai kamata ya zama ƙarƙashin manajan da ke ƙoƙarin cika oda ba. Inda mutum ɗaya ke haɗawa, shi ke gwadawa, shi ke sa hannu, to babu sashen inganci a nan sai suna.

Dillali yakan kawo kaya da takardar sakamakon gwaji daga kamfanin da ya yi su. Takardar tana da amfani, amma ba ta isa ba, domin kaya kan ratsa hannu uku ko huɗu kafin su hauro Filato daga Legas ko Onica, ana iya sauya mazubi a hanya, takarda kuma kowa na iya buga ta a shagon kwamfuta. Shi ya sa dokar Amurka ta 2007 kan masana'antun kayan ƙarin abinci ta wajabta wa kamfani ya yi gwajin kansa na tabbatar da cewa sinadarin da ya karɓa shi ne wanda aka rubuta. Ga kayan da ba su da haɗari sosai, akan ɗebi samfuri daga wasu mazubai kawai: idan buhu 25 ne, a buɗe 6. Gilisarin da furofilin gilaikol ba sa cikin wannan rangwame. Kowane duro sai an buɗe an gwada shi da na'urar rarrabe sinadarai ta GC, kuma iyakar dayetilin gilaikol da aka yarda da ita ita ce kashi 0.1 cikin 100. Duro ɗaya gurɓatacce a cikin goma ya isa ya hallaka unguwa.

Ganye da saiwa nasu wahalar daban ce. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan kafson rage ƙiba, domin an kawo saiwar wani tsiro mai guba a madadin wadda ake nufi, kuma ba wanda ya duba. Da zarar an niƙa abu, kamanninsa sun ɓace. Garin zogale kore ne, haka ma garin kuka da na ganyaye da dama. Don haka mai hankali yana sayen ganyen ne da siffarsa ya niƙa da kansa. Idan kuwa gari ya zo, sai an duba shi a madubin likita an kuma shimfiɗa ruwansa a farantin TLC, wanda ke rarraba sinadarai layi-layi, a kwatanta layukan da suka fito da na samfurin da aka tabbatar. Masu garin furotin na ƴan motsa jiki su ma su lura: gwajin da aka saba yana auna naitirojin ne ya lissafa furotin daga nan, kuma da wannan kafa aka zuba melamin, sinadari mai yawan naitirojin, a madarar jarirai a Sin a 2008, yara kusan 300,000 suka kamu, 6 suka mutu. Gwajin ya yi daidai, tambayar da aka yi masa ce ba ta isa ba.

Abin da kaya ke tahowa da shi daga gona

Tsiro yana zuƙar abin da ke cikin ƙasa da ruwa. Dalma, kadmiyum, asenik da zaiba su ne ƙarafa huɗu da ake nema, da na'urar AAS ko ICP-MS. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga kayan ganye ita ce dalma kada ta wuce miligiram 10 a kilo, kadmiyum kuma 0.3. A yankin da aka shafe sama da shekara ɗari ana haƙar kuza, inda manoman rani da dama a wajen Bukuru da Barikin Ladi ke ban ruwa daga tsofaffin kududdufan haƙa, wajibi ne mai masana'anta ya san takamaiman gonar da ganyensa ya fito ya kuma gwada. Wannan ba hukunci ba ne a kan kowace gona. Dalili ne na a auna a daina zato. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata a manta ba. Wani lokaci ma da gangan ake zuba ta: a Bangaladesh an gano ana shafa wa kurkum launin da ke ɗauke da dalma don ya ƙara haske a kasuwa.

Sai funfuna. Citta, kurkum, barkono, gyaɗa da waken soya, idan ba su bushe da kyau ba, funfunar da ke haifar da gubar afalatoksin tana kama su. Wannan guba hanta take ci, tana jawo sankarar hanta a hankali, idan kuma ta yi yawa tana kisa nan take, kamar yadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara. Tafasa ba ta kashe ta, gasawa ma ba ta gamawa da ita. Ma'aunin Turai ga kayan ganye na magani shi ne maikirogiram 2 a kilo na nau'in gubar da ake kira B1, jimillar nau'o'inta kuma 4. Babbar matsalarta ita ce ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. Dunƙule ɗaya a ƙasan buhu zai iya ɗauke da kusan duk gubar. Wanda ya ɗebi tafi guda daga baki ya kai gwaji, ya yaudari kansa. Ana soka bututun ɗiba sama da tsakiya da ƙasa, daga buhuna da yawa, a haɗa a niƙa, sannan a cire abin gwaji.

Shanya a bakin titi ko a kan dutse, inda awaki da kaji ke ratsawa, ita ce hanyar da ƙwayoyin cutar Salmonella da E. coli ke shiga. Ganyen zogale ana wanke shi da ruwa mai tsabta, a busar a inuwa a kan raga ko a na'ura mai zafin digiri 40 zuwa 50, har danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100. Ka tuna garin nan ba dafa shi za a yi ba, cusa shi za a yi a kafso a haɗiye ɗanye. Ƙa'ida ita ce kada a sami Salmonella ko ɗaya a samfurin giram 25. Injin niƙa na kasuwa kuwa bai da gurbi a wannan aiki: faifansa yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe, ga ragowar gyaɗa ko barkonon wanda ya riga ka. Injin ƙarfen da ba ya tsatsa ake so, da maganaɗisu a bakin fita, da rariya.

Awo da haɗi, inda ƙaramin kuskure ke zama babba

Mu ɗauki ƙwayar bitamin D mai IU 1,000 (IU ma'aunin ƙarfin bitamin ne), irin wadda ke cike a kyamis. IU 1,000 daidai yake da maikirogiram 25. Idan ƙwayar na da nauyin miligiram 500 kuma ana son zubin ƙwaya 100,000, garin gaba ɗaya kilo 50 ne, amma tsantsar bitamin ɗin da ke ciki giram 2.5 kacal. Aikin shi ne a raba rabin cokalin shayi a cikin buhun siminti ta yadda kowane ɗan tsinke zai sami rabonsa daidai.

Ba a zuba shi haka. Da farko ba tsantsarsa ake saye ba, sai wanda aka riga aka sirka, galibi mai IU 100,000 a kowane giram, don haka kilo 1 za a auna. Wannan kilon a gauraya shi da kilo 1 na garin cike, a tankaɗe. Biyun a haɗa da wasu biyu, huɗun da wasu huɗu, haka har a kai ga duka. Tukunyar juyi ba a cika ta. Rabi zuwa kashi biyu cikin uku ake zubawa don gari ya sami wurin birkicewa. Bayan an juya na mintunan da aka tabbatar tun farko, ana ɗibar samfuri daga wurare kamar goma a auna. Idan wani wuri ya nuna kashi 60 cikin 100 na abin da ake so, wani 140, matsakaicin ya ba da 100, amma zubin ya lalace. Kuma gari da ya haɗu yana iya sake rabuwa: girgizar inji tana tura ƙananan ƙwayoyi ƙasa manya su taso, shi ya sa ake gwada ƙwayoyin farkon bugu da na tsakiya da na ƙarshe daban-daban.

Kuskuren da ya fi ban tsoro shi ne na ma'auni. Tsakanin miligiram da maikirogiram ninki 1,000 ne, a takarda kuwa harafi ɗaya ya raba su, mg da mcg. Haka nan idan dillali ya sauya ƙarfin garin ya kawo mai IU 500,000 a giram, ma'aikaci kuma ya auna kilo 1 kamar yadda ya saba, kowace ƙwaya ta ninka sau biyar. A Amurka a 2008, mutum 201 suka kamu da gubar seleniyum daga wani ruwan ƙarin lafiya da aka samu yana ɗauke da kusan ninki 200 na abin da aka rubuta. Gashi ya zube, farce ya lalace, ga gudawa da kasala. Bitamin A da D ba sa fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa suke yi. Na D idan ya yi yawa yana ɗaga kalsiyum a jini ya taɓa ƙoda, na A kuma yana iya nakasa ɗan tayi. Maganin wannan ba tsada gare shi ba: mutum biyu a kan sikeli, ɗaya ya auna ɗaya ya duba, kowa ya sa hannu a lokacin, ba da yamma an tashi ba, sikelin kuma a gwada shi da duwatsun awo kowace safiya.

Akwai wani ɗan sinadari, magnesiyum siteret, da ake sawa kamar kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100 don kada gari ya manne wa inji. A ƙarshe ake zuba shi, a juya minti 3 zuwa 5 kawai. In aka zarce, yana lulluɓe garin da santsin da ruwa ba ya ratsawa, ƙwayar ta fito kyakkyawa amma ta ƙi narkewa a ciki.

Yayin bugu, kowane minti 15 zuwa 30 ana ɗiba a auna nauyi da tauri. Cikin ƙwaya 20 masu nauyin miligiram 250 ko fiye, ana son su tsaya cikin kashi 5 sama ko ƙasa da matsakaici. Ana juya wasu sau 100 a ganga, abin da ya gutsure kada ya wuce kashi 1. Ana jefa 6 a ruwa mai zafin jiki, digiri 37, ƙwayar da ba ta da rufi ta wargaje cikin minti 30 ko ƙasa. Daga nan duka su bi ta na'urar gano ƙarfe.

Yanayin Jos yana da nasa tasirin. Ɓawon kafso na jelatin yana riƙe da ruwa kashi 13 zuwa 16, kuma yana son ɗaki mai laimar kashi 35 zuwa 65. A tsakiyar hunturu laimar iska a nan tana iya sauka ƙasa da kashi 20, sai ɓawon ya bushe ya riƙa tsagewa a inji, gari kuma ya riƙa tashi yana mannewa ko'ina. A Agusta lamarin ya juye: kafso ya yi laushi, gari ya dunƙule, bitamin C ya fara rinewa. Sanyin Jos ba ya maye gurbin na'urar daidaita laima da ma'aunin da ake rubuta karatunsa sau biyu a rana. Tun da an zo kan jelatin, daga fata da ƙashin shanu ko alade ake yinsa, don haka mai sayar wa Musulmi ya nemi shaidar halal daga tushe, ko ya koma ɓawon HPMC da ake samu daga tsiro, wanda ma ya fi jure bushewar iska.

Kayan ruwa kuma: ruwan burtsatse sai an tace shi an kashe ƙwayoyin cuta, kuma sodiyum benzowet da ake sawa don hana lalacewa ba ya aiki sosai sai ruwan ya yi tsami, ma'auninsa na pH ya sauka ƙasa da 4.5. Kwalbar da ta kumbura a kantar shago, sau da yawa nan aka yi sake.

Wanda ba kuskure ba ne

Yawancin abin da ya gabata game da ganganci ne. Akwai kuma ha'inci. Hukumomi a ƙasashe da yawa sun sha samun sildenafil, sinadarin Viagra, a cikin kayan "ƙarfin maza" da aka ce ganye ne zalla. Deksametazon da sifuroheftadin a maganin ƙara ƙiba. Sibutiramin, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, a shayin rage tumbi. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin naitiret, in ya haɗa da sildenafil bai sani ba, jininsa na iya faɗuwa warwas. Wadda ta yi watanni a kan deksametazon kuwa kumburi take yi tana zaton ƙiba ce, ga suga da hawan jini na biyo baya, kuma dainawa farat ɗaya ma haɗari ne. Masana'anta mai gaskiya da ke sayen tsantsar ganye daga waje ita ma tana iya faɗawa, domin a can tushe ake zubawa. Gwajin funfuna da na ƙarafa ba sa nuna wannan. Sai an nemi sinadarin da sunansa a na'urar HPLC. Ganyen da ke aiki cikin rabin sa'a kamar yankan wuƙa, a ra'ayinmu, abin tuhuma ne har sai gwaji ya wanke shi.

Wa'adi, lambar zubi da lambar NAFDAC

Ranar ƙarewar wa'adi ba a ƙirƙira ta. Ana ajiye samfuri a cikin ainihin kwalbar da za a sayar, a akwatin gwaji mai digiri 30 da laima kashi 75, wanda shi ne ma'aunin ƙasashe masu zafi da danshi, a riƙa aunawa a wata 3, 6, 9, 12 har ƙarshe. Wani kuma a digiri 40 na wata 6 don a hango matsala da wuri. Wanda ya ajiye kwalba a kan kantar shago a unguwar Rayfield ta Jos ya ga ba ta canza ba, bai gwada komai ba, domin kayansa za su ƙare ne a shagon kwano a Yola ko Lafiya cikin watan Afrilu. Bitamin suna raguwa da lokaci, don haka akan ɗan ƙara a kan abin da aka rubuta. Amma ƙarin daga sakamakon wannan gwaji ake lissafa shi, musamman ga A da D. Mai ƙarin jini kuma yana bukatar murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba: ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da ƙarfe kusan miligiram 65, kuma tafi guda na iya kashe ɗan shekara biyu.

Kafin a fara cika kwalabe ana share layin kaf daga takardu da kayan aikin da ya gabata, kuma ana ƙirga takardun manni. Misali an fitar da 5,000, an manna 4,960, 30 sun yage, to 10 su dawo sito. In sun ɓace, ko dai suna jikin wani kayan daban ko sun fita waje, duka biyun matsala ce. Daga kowane zubi ana ɓoye samfuri har shekara guda bayan wa'adinsa, tare da fayil da ke nuna wane duro aka yi amfani da shi da kuma dilolin da aka kai wa. A Japan a 2024, da aka fara samun masu ciwon ƙoda cikin masu shan ƙwayar jar shinkafa ta kamfanin Kobayashi, bin lambobin zubi ne ya kai ga wani sinadari da shuɗiyar funfuna ta samar a wasu zubin. Kamfanin da ba shi da irin wannan fayil, ko ya so janye kaya bai san inda suka shiga ba.

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba masana'anta da samfuri kafin ta ba da lamba, kuma cikakkiyar rajista shekara biyar take yi. Kayan ganye da yawa kuwa izinin wucin gadi na shekara biyu gare su, wanda ake ganewa da harafin L a ƙarshen lambar. Ma'anarsa an duba cewa samfurin da aka kai ba shi da illa bayyananna. Ba ya nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da mai talla ke shela a lasifika a kasuwar Taminus ta Jos, shi ya sa ma ake wajabta rubuta hakan a jikin kwalbar. Lambar kanta ana satarta, don haka mai kyamis ya duba ta a rumbun Greenbook na hukumar a intanet, ya ga ko sunan kaya da na kamfani da ƙarfin ƙwayar sun dace da abin da ke hannunsa. Idan wani ya sha ya ga sauyi a fitsari, ko ido ya yi rawaya, ko jiki ya kumbura, a dakatar da shan a je asibiti da kwalbar, kada a jefar da ita, a kuma kai rahoto ofishin hukumar na jiha ko ta manhajar Med Safety, tare da lambar zubin da ranar da aka fara sha.